Ta ina ake bi a san da aikinka idan kana saikoloji na kare haƙƙin yara da iyali?

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce kina mastas a saikoloji a Amurka, zuciyarki na kan aikin kare yara da iyalai, kina ganin wasu ana ta ba su lambar yabo, wasu kuma haruffa jere a bayan sunansu, to ta ina ake bi, kuma ɗalibi ma yana da rabo ko sai manya? Amsar a taƙaice eh, ɗalibi yana da rabo, har ma akwai kyaututtukan da dan shi kaɗai aka yi su. Amma ki yi haƙuri zan ja zancen, dan na daɗe ina karanta takardun masu neman irin wannan karramawa, kuma abin da yake kayar da mutane yawanci ba rashin aiki ba ne, rashin sanin me ake dubawa ne.

Abu uku mutane ke cakuɗawa. Akwai lasisi, akwai shaidar ƙwarewa, sannan akwai lambar yabo. Lasisi shi ne tushe, kuma ba wata ƙungiya ce ke bayar da shi ba, hukumar kowace jiha ce. A yawancin jihohi ba za ki kira kanki masaniyar saikoloji ki zauna kina duba mutane ba sai kina da digirin digirgir, kin yi shekarar horo a asibiti ko cibiya, kin tara awanninki a ƙarƙashin wani mai lasisi da yake sa miki ido, sannan kin ci jarabawar neman lasisi da ake kira EPPP, wadda take da tambaya 225, makin da galibin jihohi ke karɓa kuma 500 ne a ma'aunin makinta na musamman. Masu mastas suna samun lasisi su ma amma da wani suna, kamar mai ba da shawara ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, masu aiki a makarantu kuma hanyarsu daban ce. Ranar da lauya zai tsare ki a kotu kan rahoton da kika rubuta game da yaro, lasisinki da horonki zai fara tambaya, ba kofin da ke kan teburinki ba.

Shaidar ƙwarewa kuma ita ce irin ta ABPP, hukumar tantance ƙwararrun masana saikoloji ta Amurka da aka kafa tun 1947. Suna da reshen yara da matasa, suna da na ma'aurata da iyali. Za su bincika takardunki, ki kawo samfurin aikinki na gaske, sannan ki zauna gaban ƙwararru su yi miki tambayoyi baki da baki. Sai kuma matsayin felo, wato mamba mai daraja ta musamman, na ƙungiyar APA, babbar ƙungiyar masana saikoloji ta Amurka da aka kafa a 1892. Shi wannan ba jarabawa ake yi ba, ta reshen APA da kike ciki ake nema, sai kin yi aƙalla shekara 5 bayan digirgir, wasu felo sun tsaya miki da wasiƙa, kuma kin nuna aikinki ya wuce garinku ko jiharku ya taɓa ƙasa baki ɗaya. Duk wannan yana gaba, na faɗa ne kawai dan ki san taswirar.

Yanzu lambobin yabo. Gidan da ya fi kusa da abin da kike so a cikin APA shi ne reshe na 37, wanda aikinsa manufofi da hidima ga yara da iyali. Yana da maƙwabta, na 53 na lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa, na 54 na yaran da ke fama da ciwo a asibiti, na 43 na iyali, na 16 na makarantu, na 41 na saikoloji da shari'a, kowanne da nasa kyaututtukan. Amma 37 ne ya ɗauki fafutuka a matsayin sana'arsa. Babbar lambarsu tana ɗauke da sunan Nicholas Hobbs, kuma ina so ki san mutumin, dan idan kika gane shi kin gane abin da kwamiti ke nema.

Hobbs ya shugabanci APA a 1966, ya yi aiki a kwalejin Peabody da jami'ar Vanderbilt a Nashbil, ya rasu a 1983. A zamaninsa yaron da ke da matsalar ɗabi'a mai tsanani sau da yawa asibitin masu taɓin hankali ake kai shi, a raba shi da gida, a manta da shi. A farkon shekarun 1960 sai ya fito da shirin da ake kira Re-ED, inda aka horar da malaman makaranta na musamman suna zama da yaran nan a ƙananan makarantun kwana, suna koya musu karatu da zaman duniya, ƙarshen mako yaro ya koma gida, kuma a lokaci guda ana aiki da iyayen da makarantarsa ta asali. Tunaninsa shi ne matsalar ba a cikin yaron kaɗai take ba, tana tsakaninsa da gida da makaranta da unguwa, dan haka can za a gyara. Daga baya ya jagoranci babban nazari kan yadda ake liƙa wa yara suna, wannan daƙiƙi ne, wannan gagararre ne, da yadda sunan yake bin yaro har girma yana rufe masa ƙofofi, rahoton ya fito a 1975, shekarar da Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati ilmantar da yara masu naƙasa. Kin ga abin da ya bari: tsari ne da ya ci gaba da aiki bayan ya bar wurin. To mai karanta takardar neman lambar da ke da sunansa, tambayar da ke ransa kenan, me ya canja ga yara saboda wannan mutum, kuma canjin yana nan ko ya tafi da shi.

Reshen yana da wata lambar da ake ba wanda ba masanin saikoloji ba ne, lauya ko likita ko ɗan majalisa ko wani mai fafutuka, kuma wannan yana burge ni sosai, dan gaskiya ce aikin yara bai taɓa zama na sana'a ɗaya ba. Likitan yara ne, Henry Kempe, ya fito da rahoton 1962 kan yaran da ake duka har a karya su, wanda ya tayar da ƙasar har jihohi suka yi dokokin tilasta kai rahoto, aka zo ga dokar tarayya ta 1974 kan cin zarafin yara. Akwai kuma lambar masu tasowa mai sunan Diane Willis, ta waɗanda ba su daɗe da gama digirgir ba, a wurin APA mai tasowa shi ne wanda bai wuce shekara 10 da gamawa ba. Sannan a ƙarƙashin reshen akwai sashe na musamman kan cin zarafin yara, shi ma yana da nasa tallafin ga ɗalibai masu rubuta kundi.

Na ɗalibai fa? Mafi sauƙin shiga shi ne kyautar fosta a taron shekara, inda za ki liƙa sakamakon bincikenki ki tsaya gefensa kina amsa tambayoyi. Kar ki raina ta, nan ne manyan fannin suke fara sanin fuskarki. Sai kyautar kundin digiri, wata ana ba kundin da aka gama, wata kuɗi ne a ba ki ki je ki tattara bayanai. Gidauniyar APF, mai alaƙa da APA wadda ke ba da tallafin bincike, tana da tallafin Elizabeth Koppitz na ɗaliban gaba da digiri masu bincike kan yara, gasar tana da zafi amma tana ɗaga mutum. APAGS, ɓangaren ɗalibai na APA da aka kafa a 1988, su ma suna da nasu, kuma kusan kowane reshe yana da kujerar wakilin ɗalibai a shugabancinsa, wadda a ganina ta fi kyautar kuɗi amfani, dan za ki ga yadda ake yanke shawara da idonki. Bayan digirgir, idan manufofin gwamnati ne ke ranki, APA tana tura masana su yi shekara a ofisoshin majalisar dokoki tun 1974, ƙungiyar SRCD ta masu binciken girman yara ita ma tana da irin nata tun 1978. Sai dai ki karanta sharuɗɗa da kyau, wasu musamman na gwamnatin tarayya ɗan ƙasa suke nema, wasu kuma sai kina mamba a reshen kafin ranar rufewa, mutane da yawa nan suke faɗuwa tun ba a buɗe takardarsu ba.

Yadda abin yake tafiya ba wani sirri ba ne. Ana fitar da sanarwa, wani ya gabatar da sunanki ko ki gabatar da kanki, a haɗa da takardar tarihin aikinki da wasiƙu biyu ko uku, kwamiti na mutane kaɗan, 'yan sa kai masu nasu aikin, su karanta su ba da maki. Gabatar da kai ba abin kunya ba ne idan sanarwar ta yarda, na san da yawanmu an tarbiyyantar da mu kan cewa yabon kai jahilci ne, amma faɗin abin da kika yi da hujja ba yabon kai ba ne, rahoto ne. Kuma wasiƙar da take cin nasara ba ita ce mai cewa wance haziƙa ce mai son yara ba, duk wasiƙun haka suke cewa. Wadda ake tunawa ita ce mai cewa a cibiyarmu iyaye suna daina kawo yara bayan zama na biyu, wance ta bi ta gano matsalar lokacin da ake ba su ne yake karo da aikinsu, ta rubuta shawara, aka buɗe zaman yamma, ga adadin masu dawowa kafin da bayan. Dan haka tun yau ki buɗe fayil, duk abin da kika yi ki rubuta kwanan wata, da wa kika yi, mutum nawa ya shafa, me ya biyo baya, ko da abin bai yi nasara ba ki rubuta dalili. Idan za ki roƙi malami wasiƙa ki ba shi wata guda aƙalla, ki haɗa masa da sanarwar da wannan fayil ɗin, dan shi ma ba zai tuna komai ba.

Akwai maganar da take ci min rai, ita ce ta waye ake ambata idan aiki ya yi kyau. Ki duba Mamie Clark da mijinta Kenneth Clark. Binciken nan na 'yartsana, inda aka nuna wa yara baƙar fata 'yartsana fara da baƙa ana tambayarsu wacce ce mai kyau, daga aikin mastas na Mamie a jami'ar Howard ya samo asali, tare suka faɗaɗa shi. Amma da kotun ƙoli ta yanke hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata, sunan Kenneth ne ya fito a bayanin ƙasan shafi, shi ne kuma ya zama baƙar fata na farko da ya shugabanci APA. Ita kuwa ita ce ta riƙe cibiyar Northside da suka buɗe a Harlem a 1946 tana kula da yaran talakawa shekara da shekaru, sai daga baya aka dawo ana ba ta haƙƙinta. Ba ina rage masa komai ba ne, ya cancanta. Ina nuna miki ne tun kina ɗaliba ki koyi yin maganar suna tun kafin a fara aiki, waye zai zo farko a maƙala, waye na biyu. Ƙa'idojin ɗa'a na APA ma suna goyon bayanki, sashe na 8.12 ya ce maƙalar da aka ciro daga kundin digirgir na ɗalibi, shi ne marubuci na farko sai da wani dalili na musamman, kuma muƙami kaɗai ba ya sa a saka sunan mutum. Ki yi maganar cikin ladabi, a rubuce, da wuri.

To ga inda nake so ki fi nutsuwa. Fafutuka tana da zafi, shi ya sa muke cikinta, amma abin da mai saikoloji yake kawowa teburin da wasu ba su da shi shi ne hujja, ranar da kika faɗi abin da bincike bai kai ba saboda kina son yaran su yi nasara, kin ci amanar abin da ya sa ake sauraronki. A shari'ar Roper ta 2005, da kotun ƙoli ta hana hukuncin kisa ga wanda ya yi laifi bai kai 18 ba, APA ta shigar da takarda tana cewa matashi bai gama nuna ba wajen riƙe kai da jure matsin abokai. Sai alƙali Scalia na kotun ya ce wa APA ai ku ne a wata shari'a ta 1990 kan sanar da iyaye kafin zubar da ciki kuka ce matasa suna iya yanke shawara kamar manya, wanne za mu ɗauka? Dole masanin saikoloji Laurence Steinberg da abokan aikinsa suka fito a 2009 da bincike suna nuna abu biyu ne daban, iya tunani cikin natsuwa yana kai na manya wajen shekara 16, amma riƙe kai a cikin zafin rai da gaban abokai yana ɗaukar lokaci fiye da haka. Da ba su da bayanan da za su kare kansu, da maganarsu ta zube, kuma a kan wannan layin aka ci gaba har hukuncin 2012 da ya hana ɗaurin rai da rai na dole marar damar saki ga yara. Kin ga duk abin da kika sa wa hannu yau, wani zai ɗauko shi bayan shekara 15 ya karanta miki.

Ɗaya gefen kuma ya fi ciwo. A shekarun 1980 an yi shari'ar makarantar renon yara ta McMartin a Kalifoniya, an yi wa ɗaruruwan yara tambayoyi, masu tambayar da niyyar ceto suka zo, amma suna maimaita tambaya, suna nuna wa yaro amsar da suke so, suna yaba masa idan ya ce eh. An kai 1990 ana shari'a ba a samu kowa da laifi ba, rayuwar mutane ta lalace, yaran ma an cutar da su, sannan aka ba masu ƙaryata yaran da aka ci zarafinsu da gaske makami. Waɗanda suka gyara fannin su ne irin su Stephen Ceci da Maggie Bruck da suka nuna yadda tambaya ke juya tunanin ƙaramin yaro, da Michael Lamb da abokansa da suka tsara hanyar hira ta NICHD, cibiyar binciken lafiyar yara ta gwamnatin Amurka, inda ake barin yaro ya ba da labari da bakinsa, a ce masa gaya min duk abin da ya faru, ba a cusa masa kalma ba. Wannan aikin a lokacin wasu sun ɗauke shi kamar adawa da yara, yau kuwa shi ne yake sa shaidar yaro ta tsaya a kotu.

Sai sirri. Wallahi abin yana damuna idan na ga takardar neman kyauta ko shafin sada zumunta cike da hoton yaran gidan marayu ko labarin wata yarinya da aka yi wa fyaɗe, an canja suna amma an bar gari da shekaru da sana'ar uban, duk wanda ya san gidan zai gane. Yarinyar ba ta isa ba da izini ba, kuma za ta girma ta iske labarinta a intanet. Ƙa'idar ɗa'a ta hana amfani da bayanan wanda kika duba a rubutu ko lacca sai an ɓoye shi sosai ko an samu izini a rubuce, ni kuwa ina ganin ko an samu izinin iyaye ki tambayi kanki dan wa kike ba da labarin. Kwamiti mai hankali yana rage maki a kan wannan, ba ya ƙarawa. Haka nan ki kiyaye haɗa hula biyu, idan ke ce kike yi wa yaro magani to ba ke ce za ki gaya wa kotu wa ya dace ya riƙe shi tsakanin uwa da uba ba, wannan aikin mai tantancewa ne da ya ji ta bakin kowane ɓangare, tun 1994 APA take da jagora a kai, kuma rikicin riƙon yara yana cikin wuraren da aka fi kai ƙarar masu lasisi. Idan kuma tallafin gwamnatin tarayya ne yake biyan albashinki, ba a amfani da kuɗin wajen kamun ƙafar 'yan majalisa kan wani ƙudiri, bayyana musu abin da bincike ya nuna daban ne, ki tambayi ofishin jami'arku iyakar kafin ki je.

Ba zan ɓoye miki ba tsarin yana da son kai. Ya fi ganin wanda ke jami'a mai suna, mai maƙaloli, mai malamin da ya san 'yan kwamiti. Matar da ta yi shekara ashirin a cibiyar unguwa tana bin iyalai gida gida, tana zama da su a ofishin makaranta da kotun yara, sau da yawa ba ta da mai rubuta mata wasiƙa, ba ta ma san an buɗe neman lambar ba. Maganin da yake hannunmu shi ne mu gabatar da su. Ɗalibi ma yana iya gabatar da mai sa masa ido a wurin horo, ki tattaro wasiƙu daga abokan aikinta, ki taimaka a jera abin da ta yi da shekaru. Za ki koyi yadda ake haɗa takarda mai ƙarfi kafin naki lokacin ya zo, kuma ƙungiyoyin saikoloji na jihohi suna da nasu lambobin da masu nema ba su da yawa, nan ya fi dacewa da irin wannan aiki.

Ke kuma a wannan zangon, ki shiga reshe na 37 a matsayin ɗaliba, kuɗin ɗalibai kaɗan ne, ki zaɓi matsala ɗaya ƙarama da za ki iya aunawa a wurin da kike horo, misali tsawon lokacin da yaran da ke hannun masu riƙo suke jira kafin a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsu, ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku kafin ki taɓa fayil ko ɗaya. Abin da kika samu ki rubuta shi sau biyu, ɗaya fosta ta taro, ɗaya shafi guda da harshe mai sauƙi ga shugaban cibiyar, da shawara ɗaya da zai iya aiwatarwa da ma'aikatan da yake da su. Taron APA a watan Agusta ake yi, amma karɓar takardun fosta yana rufewa tun watanni da yawa kafin taron, dan haka ki zauna da malaminki kan maganar tun yanzu.